Sistocin Gusau da Carbin da Goggona Ta Gani

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta yi aure daga Gummi zuwa Gusau a farkon shekarun 1960, mijinta yana aikin awon auduga. Sau biyu tana haihuwa a gida, ba wanda ya zo da rai. Da ciki na uku ya tsufa sai wata maƙwabciyarta ta ja ta zuwa wajen Sistoci, wasu Turawa mata masu fararen tufafi da lulluɓi, waɗanda ke da ɗakin shan magani da na haihuwa a garin. A hannunsu aka haifi taubashina, wanda yau shi ma ya yi jikoki.

Har ta koma ga Allah, in goggo ta tashi ba da labarin daren nan, ba allura take tunawa ba, ba kuma gadon ƙarfe ba. Matar da ta kwana zaune a gefenta take tunawa. Takan ce mini: "Ɗiyata, matan nan ba miji, ba ɗiya, amma carbi bai barin hannunsu. Duk sadda na buɗe ido, tana nan, bakinta na motsi." Ina ƙaramar yarinya, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne carbin. Ashe Kirista ma na jan carbi?

Ni Musulma ce, a Gummi aka yanke cibiyata, kuma aikin unguwarzoma na yi fiye da shekara talatin tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka kafin in ajiye. Na san nauyin kwana a gefen mai naƙuda. Na san yadda ƙafa ke kumbura, ido ya yi ja, zuciya ta fara neman hanyar gudu. Shi ya sa tambayar da ta bi ni tsawon rayuwata game da matan nan ba ta wuce ɗaya ba: me ke riƙe su?

Sunan ƙungiyarsu a yau Sistocin Dominikan na Santa Katarina ta Siyena, Gusau. Sunan garinmu na Zamfara yana manne da sunansu duk inda suka je. Asalin zuwansu kuwa yana da alaƙa da jirgin ƙasa. Da layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya wuce Ƙauran Namoda, garin ya zama kasuwar gyaɗa da auduga, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka cika Sabon Gari, da yawansu 'yan Katolika. A 1951 limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka sauka Legas, a 1953 kuma aka damƙa musu kula da yankin Sakkwato, ƙarƙashin Fada Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. Sai dai namiji, ko da limami ne, ba ya shiga ɗakin mai jego a ƙasar Hausa. Wannan ƙofa mace kaɗai ke iya buɗe ta. Don haka aka nemi mata, kuma a 1956 Sistoci suka iso Gusau daga wani gari mai suna Great Bend a jihar Kansas, ƙasar manoman alkama a tsakiyar Amurka. Daga Gusau aikinsu ya miƙa zuwa Yelwan Yawuri da Malumfashi.

Shekara goma kacal da zuwansu rikicin 1966 ya ɓarke, akasarin mabiyan cocin suka koma kudu, yaƙin basasa ya biyo baya. Wanda ya zo domin jama'arsa kaɗai, ranar nan ce ranar naɗe tabarma. Aikin bai mutu ba. A farkon shekarun 1970 aka fara karɓar 'yan matan Najeriya masu son irin wannan rayuwa, aka rene su sannu a hankali har suka karɓi ragamar gidan, kuma a 2007 ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta. Yau in kin ga Sista Dominikan a Gusau, 'yar ƙasa ce, tana cin tuwo, tana ciniki da Hausa a kasuwa. Uwar ƙungiyar ta Kansas ita kuma ta haɗe da wasu ƙungiyoyi shida a 2009. Cikin Amurkawan akwai wadda ta zauna, Sista Rita Schwarzenberger, da ta zo a tsakiyar shekarun 1970 ta shafe shekaru tana jagorantar wata gidauniya a Kaduna mai kula da yaran karkara, musamman masu cutar nan da ke lanƙwasa ƙashin ƙafa.

Wannan tarihi ne, ana iya karanta shi a takarda. Amsar tambayata ba a nan take ba, tana can baya da shekara ɗari takwas.

Mutumin da ake kiran su da sunansa, Dominik, an haife shi a ƙasar Sifen wajen 1170. Yana ɗalibi a garin Palensiya aka yi yunwa, sai ya sayar da littattafansa ya ciyar da mayunwata. A zamanin littafi da hannu ake rubuta shi a kan fata, ɗalibi kuwa ba shi da dukiyar da ta wuce shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda malamin zaure ke riƙon gafakarsa zai gane girman abin da saurayin ya yi. Daga baya, a kudancin Faransa, ya tarar da mutane sun juya wa coci baya, saboda suna ganin manyanta bisa dawakai cikin ado, alhali masu wa'azin wata aƙida daban suna yawo a ƙasa cikin talauci. Dominik ya ce gyaran shi ne mai wa'azi ya sauko, ya yi tafiya da ƙafa, ya san abin da yake faɗa, ya kuma saurari mai ja da shi. An ruwaito cewa ya taɓa kwana yana muhawara da mai masaukinsa a Tulus har gari ya waye. A 1216 Fafaroma Honoriyus na Uku ya amince da ƙungiyarsa, wadda ake kira Ƙungiyar Masu Wa'azi. Abin da ya fi burge ni shi ne, gidan farko da ya kafa na mata ne, a wani ƙauye mai suna Prouilhe a 1206, shekara goma kafin a tabbatar da na maza.

Ita kuwa Katarina, wadda Sistocin Gusau suka ɗauka uwa, ɗiyar marini ce daga birnin Siyena na Italiya, an haife ta a 1347 cikin gida mai 'ya'ya fiye da ashirin. Iyayenta suka so aurar da ita, ta ƙi, har ta aske gashinta. Ta shige wani ɗan ɗaki a gidan ubanta ta yi kusan shekara uku ba ta fita sai zuwa ibada. Mu da muka tashi cikin 'yan ɗariƙa, Ƙadirawa da Tijjanawa, mun san halwa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan halwar. Katarina ta fito, ta shiga jinyar waɗanda kowa ke gudu, da kutare da masu miki mai wari, da annoba ta faɗa wa Siyena a 1374 kuma tana cikin masu ɗaukar marasa lafiya da binne gawa. Ta aika wasiƙu kusan 380, wasu ga sarakuna, wasu ga Fafaroma kansa, tana matsa masa ya bar Abinyon ta Faransa ya koma Rum, ya kuwa koma a 1377. Ta rasu a 1380 tana da shekara 33. Koyarwarta, a taƙaice, ita ce mutum ya gina ɗaki a cikin zuciyarsa inda zai san kansa ya san Ubangijinsa, ya riƙa tafiya da ɗakin duk inda za shi, kuma son Allah da son maƙwabci ƙafa biyu ne, ba a tafiya da ɗaya.

Da na fahimci wannan sai carbin goggo ya daina ba ni mamaki. Matar nan da ta kwana a gefenta tana cikin ɗakinta na zuciya ne, tana kuma bakin aiki, a lokaci guda.

Su da kansu sukan ce rayuwarsu tana tsaye ne bisa ginshiƙai huɗu, addu'a da karatu da zaman tare da hidima. Amma ba daidai suke a jere kamar turakun rumfa ba, akwai wanda ake farawa da shi. Tun gari bai gama wayewa ba suke taruwa a ɗakin ibadar gidansu, su rera Zabura sahu biyu, wannan sahu ya ɗauka wancan ya amsa, sannan su halarci babbar ibadarsu da suke kira Misa. Da yamma a sake taruwa, da dare kuma a rufe da waƙar gaisuwa ga Maryamu, wadda mu muke kira Nana Maryam. Carbin nasu, rosari, ana jan sa ne ana bibiyar rayuwar Yesu daki-daki, tun daga albishir ɗin haihuwarsa. Ƙa'idar da suka gada daga malaminsu Toma Akwinas ita ce mutum ya fara yin tunani mai zurfi a gaban Allah, sannan ya miƙa wa wasu abin da ya samo. Wato ba a ɗiban ruwa a rijiyar da ba ta tara ba. Asibiti da makaranta guga ne, rijiyar tana ɗakin ibada.

Karatu kuwa a wurinsu ibada ne, ba neman takardar aiki ba. Taken ƙungiyar kalma ɗaya ce ta Latin mai ma'anar gaskiya. Shi ya sa ake tura Sista ta karanci jinya ko koyarwa ko lissafin kuɗi ko ilimin addini, ta dawo ta yi aiki da shi inda aka ajiye ta. Wani limaminsu Ba'amurke, Fada Joseph Kenny, wanda ya fara aiki a yankin Sakkwato a 1964, ya koyi Hausa da Larabci, ya koyar a Jami'ar Ibadan, har ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Turanci. Risalar nan dai da ake biyawa a zaurukan Gummi bayan Ishmawi da Iziyya. Ranar da na ji haka na daɗe ina jinjina abin. Mutum ya zauna ya karanci littafin maƙwabcinsa baƙi da baƙi kafin ya buɗe baki a kansa, wannan ladabi ne da ya yi ƙaranci a ɓangarorin biyu.

Yanzu ga inda Bahaushe ke tsayawa ya girgiza kai. Sista tana ɗaukar alkawari uku a gaban Allah da jama'a. Ba za ta mallaki komai nata na kanta ba, albashinta ma asusun gida yake shiga. Za ta yi biyayya ga ƙa'ida da shugabarta, in an ce gobe ta tashi zuwa wani gari, sai ta ɗaure jaka. Na ukun shi ne ba za ta yi aure ba har abada. A ƙasar da ake cewa darajar mace ɗakin mijinta, inda ake yi wa wadda ba ta haihu ba jaje kamar an yi mata mutuwa, wannan alkawari ba ya shiga kunne da sauƙi. Ba Musulmi kaɗai ba, iyaye Kiristoci da yawa kuka suke yi in ɗiyarsu ta ce nan za ta, domin suna ganin jikokinsu ne suka tafi. A addinina babu wannan hanya, aure sunna ne, kuma ban taɓa yi wa 'ya'yana mata sha'awar wani abu ba shi ba. Amma ƙin bin hanya daban ne da ƙin fahimtarta. Su a ganinsu, wadda ta bar ɗa ɗaya nata ta zama uwar duk ɗan da aka miƙo mata, wadda ba ta da maigidan da zai jira tuwon dare tana iya kwana a gefen goggona.

Ba kuma dare ɗaya ake shiga ba. Yarinya takan fara zama da su a matsayin mai neman shiga, sannan ta yi zaman horo na shekara ɗaya zuwa biyu, sannan ta ɗauki alkawarin wucin gadi wanda dokar cocin ta ce kada ya gaza shekara uku. Sai bayan duk wannan, in ita da su sun gamsu, take ɗaukar na har abada. A tsawon shekarun nan ƙofa a buɗe take, wasu kan koma gida su yi aure, ba wanda zai ce sun yi laifi.

Mace mai ilimi da ke bin mata har inda suke, wannan kam ba Turawa suka kawo mana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinsu, da ake kira jaji, malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Su ba su bar aure ba, akasarinsu dattijai ne da suka gama reno. Amma tunanin cewa akwai ƙofar da mace kaɗai ke shiga, kuma ilimi da tausayi su ne guzurin shigarta, tsoho ne a ƙasar nan.

Akwai zargin da ba zan tsallake ba, domin na ji shi tun ina yarinya: wai maganin mishan ƙugiya ce, allura a gaba, baftisma a baya. Gaskiyar magana, su masu wa'azi ne, sunan ƙungiyarsu ma haka ya ce, kuma ba su taɓa ɓoye cewa domin Yesu suke yin abin da suke yi ba. A yankin Malumfashi Maguzawa da dama sun karɓi Kiristanci, daga garin ne ma aka samu Gerald Mamman Musa, wanda ya zama bishop na farko na Katsina a 2023. Wannan ya faru. Haka kuma a Oktoban 1965 babban taron cocin Katolika a Batikan ya fitar da matsaya cewa cocin na girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu salla da zakka da azumi, ya kuma yi kira a bar tsohuwar gaba. Abin da ni zan iya shaida a kai shi ne na gidanmu. Goggona ta shiga wurinsu da kalmar shahada, ta fito da ita da ɗa namiji a goye, aka yanka rago ranar suna, aka raɗa masa sunan Manzon Allah. Da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, mutane da yawa sun zaci Sistocin za su kwashe kayansu. Suna nan.

Ban gane nauyin kalmar nan "suna nan" ba sai a 2010.

A shekarar ne yara suka fara mutuwa a Dareta da Abare cikin ƙasar Anka, da 'Yargalma cikin ƙasar Bukkuyum. Yaro na wasa da safe, da yamma ya kama amai da jijjiga, kafin kwana biyu an kai shi makwanci. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Ashe dalma ce. Maza na haƙo dutsen zinare su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa dawa, ƙurar ta bi tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo da maganin da ke fitar da dalma daga jini, aka bi gidaje ana kankare ƙasa ana zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma ba a kai ga share shi ba sai 2013.

Ina cikin ma'aikatan da suka ga wannan da idonsu. Horon da aka ba ni na karɓar mai zuwa duniya ne, sai ga ni ina rufe idon 'yan shekara biyu. Akwai daren da wata yarinya, ita kanta ba ta kai ashirin ba, ta riƙe mini zane tana cewa, "Inna, ki duba shi, ki ƙara duba shi," alhali na riga na duba, na san abin da na gani. Na fita bayan ɗaki na tsuguna, na ce wa raina gobe zan rubuta takardar neman canjin wurin aiki. Ba Sista ko ɗaya a wurin, ba su da hannu a wannan aiki. Amma a tsugunen nan matar da ban taɓa gani ba ta faɗo mini a rai, wadda ta baro gonakin alkama ta zo ta kwana a gefen goggona. Na tambayi kaina, ita da me ta zauna? Sai na ga ai amsar tana cikin aljihun rigata. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na ciro carbina, na koma na zauna kusa da yarinyar har aka kira assalatu. Ban rubuta takardar ba.

Ba ina cewa addininmu ɗaya ba ne. Abin da take faɗa a carbinta daban, abin da nake faɗa a nawa daban, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Amma na gane dalilin da ya sa ƙa'idarsu ta sa addu'a a gaban aiki. Tausayi kaɗai ƙarewa yake yi. Na ga ma'aikata masu kirki da suka fara da hawaye, bayan shekara biyar sun koma yi wa mai naƙuda tsawa, ba don mugunta ba, rijiyar ce ta ƙafe. Su Sistoci sun san haka zai iya faruwa da kowa, shi ya sa ba su bar abin ga yadda mutum ya tashi da safe ba. An sa lokaci, an sa ƙararrawa, an sa 'yan'uwa da za su lura in kujerarki ba kowa. Zaman taren ma ba hutu ba ne, mata daga ƙabilu daban-daban a tukunya ɗaya, ba ke kika zaɓe su ba, ga saɓani irin na kowane gida. Amma wadda ta dawo daga ɗakin haihuwa da mutuwa a hannunta tana da wanda za ta zauna da shi a kan tabarma. Mu a asibitocin karkara sau da yawa ba mu da wannan.

Yau hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi Mayanci zuwa Anka, ta wuce Daki Takwas ta kai Gummi, ba a shigarta da yamma sai dole. 'Yan gudun hijira sun cika Anka, ƙauyukan da na sha zuwa rigakafi a bayan babur wasu sun zama kufai. Masu garkuwa ba sa tambayar addini, sun ɗauki limaman masallaci, sun ɗauki na coci, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya zama bishop na Sakkwato a 2011, ya sha magana a kan haka. Duk ma'aikaciyar da ke yankin nan, da mai hijabi da mai lulluɓin Sista, lissafi ɗaya take yi kafin ta hau mota.

Bara na je Gusau duba jikata da aka kwantar. Ina zaune a benci a bakin ɗakin, sai ga wata Sista ta zo duba wani majinyaci, yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba. Ta rusuna ta ce, "Sannu, Mama, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi, na matsa mata ta zauna. Na ba ta labarin goggona tun daga awon auduga har ragon suna. Ta saurara ba ta katse ni ba, da na gama ta tambaye ni sunan taubashin nawa, ta ce za ta sa shi a addu'ar yamma. Na ce ni ma zan sa ta a tawa. Aka kira la'asar a masallacin asibitin, na tashi neman buta, ita kuma ta duba agogonta ta miƙe, ta ce kada ta makara, 'yan'uwa na jiranta.